Tabarau Biyar, Duk ta Hagu

Shekarata goma sha tara ina gyaran tabarau a shagon da ke jikin asibitin ido, kuma babu irin ƙaryar da ba a kawo mini ba. Wani zai zauna a kan nasa ya ce jikansa ne ya taka. Wata za ta bar nata a mota rana ta lanƙwasa shi, ta zo tana rantsuwa wai haka muka sayar mata. Ni ba na musu da kowa. Karɓa nake yi in juya shi sau biyu a hannu, tabarau ɗin da kansa zai gaya mini abin da ya same shi. Wanda ya faɗi ƙasa, gilashin ne ke ƙujewa ta gaba. Wanda aka zauna a kai, hannuwansa biyu ne ke bajewa. Wanda yaro ya fizga, mahaɗar ce ke buɗewa.

Akwai kuma wanda hannun hagu kaɗai ke lanƙwashewa ciki, ɗan abin da ke zama a kan hanci ta wannan gefen ya lotse. Wannan yana kan fuska abin ya same shi, kuma wanda ya yi aikin ba bahago ba ne.

Irin wannan ne wani mutum ya riƙa kawo mini. Ban taɓa wahalar da kaina wajen riƙe sunansa ba. Yallaɓai nake ce masa, shi kuma yana ta jin daɗi, bai san da wane baki nake faɗa ba. Manaja ne a wani kamfanin inshora. Turarensa ke riga shi shigowa shago, kuma in ya tafi sai mun buɗe taga. Kullum da matarsa yake zuwa, yana riƙe da hannunta, yana magana da ƙarfi don mutanen da ke kan benci su ji.

"A hankali, Gimbiyata, akwai matakala. Yawwa. Ɗaya ta rage."

Matan da ke jiran likita sai su narke. Wata tsohuwa ta taɓa ɗaga hannu sama ta ce Allah ya ba 'ya'yanta miji irinsa. Ya ɗan rusuna mata, ya dafa ƙirji. Ni kuwa ina bayan teburin shago da karyayyen tabarau a hannu, na rasa inda zan tofar da yawu.

Gimbiyar tasa ba za ta wuce talatin ba. Idonta irin wanda ba ya ganin nesa ne, mai tsanani ƙwarai. Gilashinta kauri kamar gindin kofi, kuma in ta cire shi, abin da ya wuce tafin hannunta duk hayaƙi ne. Karo na farko Yallaɓai ya ce a banɗaki ya faɗi. Na biyu, ta buge da ƙofar kabad. Na uku matakala ce. Na huɗu ma na manta wace ƙofar aka ɗora wa laifi. Kuma bai taɓa yarda a gyara ba.

"Madam, jefar da wannan. Matata ba ta sa gyararre. Kawo mafi tsada."

Ni ba na jefar da tabarau. Duk mai wannan sana'ar ya san darajar ɗan noti da mahaɗa, don haka ina da durowar da nake tara tsofaffi, kowanne da 'yar takarda ɗaure a jiki da lambar katin mai shi. Ina kuma da doka guda da ban taɓa karya wa kowa ba: ba na miƙa tabarau sai na daidaita shi a kan fuskar mai shi. Kunnen mutum ɗaya ya fi ɗaya tudu, hanci ma kowa da nasa. Yallaɓai ya so ya riƙa zuwa karɓa shi kaɗai, na ce masa sai da mai fuska. Ya yi faɗa, ya nemi ganin shugaban asibiti, aka ce masa haka take yi wa kowa. Dole ya riƙa kawo ta.

Gaskiya ita ma haushinta nake ji. Ina gyara mata zaman tabarau a bayan kunne, yatsana na taɓa kumburi, ita kuma tana murmushi tana cewa, "Ni ce da garaje, Anti." A raina na sha ce mata sakarya. Ina ganin mace da hankalinta da iliminta, ta zauna ana mayar da fuskarta ganga, har tana taya makaɗin neman uzuri.

A karo na biyar ba tabarau kaɗai ya lalace ba. Farin idonta na hagu ya yi ja wur. Na ce ba zan auna komai ba sai likita ta gani. Likitar tamu 'yar siririya ce, ba ta da yawan magana, amma ba a kawo mata wargi. Ta ɗiga mata magani ta ce sai ta zauna ido a rufe na minti arba'in kafin a leƙa ciki. Yallaɓai ya duba agogo, ya ja tsaki a hankali, ya tuna akwai mutane, ya mayar da shi murmushi. Yana da taro a ofis. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Kada ki motsa daga nan, Gimbiyata," kamar tana da idon zuwa wani wuri.

Ina jin tashin motarsa na kama hannunta na kai ta ɗan ɗakin da nake aiki, na zaunar da ita a kan kujera, na jawo durowa. Idonta a rufe yake, don haka a hannu na sa mata na farko.

"Taɓa hannun dama," na ce.

Ta shafa. "Lafiyarsa ƙalau."

"To, na hagu."

Ta shafa, ta ji ya lanƙwashe. Na karɓe na sa mata na biyu, sannan na uku. Kafin mu kai na biyar yatsunta da kansu suke zuwa hagu.

"Ƙanwata, banɗakin gidanku da kabad da matakala, yaushe suka yi taro suka haɗa baki a kan gefe ɗaya?"

Da ta buɗe baki, abin da ta ce ya kusa sa ni jifa da sukundireba.

"Ai ba duka ba ne, Anti. Mari ne kawai. Duka ai irin na maƙwabciyarmu ne, da bel ake yi mata. Shi in ransa ya huce har kuka yake yi. Kuma shi yake saya mini sabo."

"Allah sarki, bawan Allah. Yana kuka yana sayen tabarau. Ashe shi za mu je mu yi wa jaje."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta juye kuka. Maganin ido da hawaye suka haɗu suna gangarowa. Na lura da yatsunta a lokacin, duk tabon ƙuna, sabo da tsoho. Na tambaye ta. Ta ce wajen girki ne, don da lalube take yi. Na ce lalube kamar yaya, ina tabarau ɗin? Ta ce ai in zai tafi ofis yana tafiya da shi a aljihu, wai kada ta wahalar da idonta da karance-karance. Waya ma tana wurinsa. Daga bakwai da rabi na safe zuwa biyar na yamma a cikin hayaƙi take zaune. Ba ya ko kulle ƙofa, kuma yana alfahari da hakan a gaban 'yan uwanta, wai shi ba ya cikin masu kulle mace.

Malamar firamare ce kafin ya sa ta ajiye aiki. Ta taɓa gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyar ta ce ta yi haƙuri, kowane gida da nasa, mutumin da ke riƙe miki hannu a titi me kuma kike nema? Kawunta ya kira su sulhu sau ɗaya, aka ƙare da ita ce ta durƙusa ta ba da haƙuri. Yayarta ce kaɗai ta taɓa cewa ta tattaro ta taho, shi ya sa Yallaɓai ya ce yayar ba ta da tarbiyya, ya hana ta zuwa gidan.

Likita ta leƙa idon ta daɗe. Da ta ɗago, ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce masu irin idonta, tantanin da ke can ciki dama siriri ne, kuma na hagu ya fara yagewa ta gefe. Za a iya ɗinke shi da na'ura a wannan makon. Amma in aka sake buga wurin, yana iya ɓallewa gaba ɗaya, kuma idon ya tafi ke nan.

"Wa ya buge ki?" in ji likita.

Ban yi zaton za ta amsa ba. Ta ce, "Mijina," a hankali, kamar mai gwada kalmar a baki.

Likita ta rubuta a fayil, ta ɗauki hoton idon da kumburin bayan kunne, ta ce wannan shaida ce, tana nan ajiye duk ranar da aka buƙata. Ta rubuta mata lambar wata cibiya da ke taimakon mata masu irin wannan matsala. Gimbiya ta janye hannu. Ta ce ba za ta iya karɓar takarda ba, yana zazzage jakarta duk lokacin da suka koma gida.

Washegari na zauna da tabarau biyar a gabana. Na ɗauki gaban na biyu, shi ne bai ji jiki sosai ba. Na cire hannun dama na na huɗu, notuna daga na farko. Gilashi na yanka sabo daidai da katinta. Da na zo hannun hagu sai na tsaya, don a cikin biyar ɗin babu ko ɗaya mai rai. Na tona durowa na samo na wani tsoho da ya rasu bai zo karɓa ba, kore shar, ya ɗan fi na daman tsawo. Tabarau ya fito baƙi ta dama, kore ta hagu. Tun da na fara aiki ban taɓa haɗa abu mummuna kamarsa ba. A cikin koren hannun na sa tsinin allura na zana lambar cibiyar da tawa. Mai irin idonta in ta kawo abu dab da hanci, ta fi kowa ganin ƙananan rubutu.

Saura yadda zai shiga gidan. Ranar da aka yi mata aikin idon suka biyo karɓar sabon tabarau na shida, mafi tsada kamar kullum. Na daidaita mata shi, sannan na miƙa mata wata baƙar leda. Hannun Yallaɓai ya riga nata isa.

"Mene ne wannan, Madam?"

"Audugar mata ce, Yallaɓai. Abin ya zo mata ba shiri tana kan layi, na ba ta tawa. Na riga na buɗe, ka duba mana."

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, har yana goge yatsu a jikin wando. Hannun da bai ji ƙyamar fasa idon matarsa ba, shi ne ke ƙyamar auduga a cikin leda. Tabarau ɗin yana tsakiyar fakitin, na naɗe shi da tsumma.

Daga nan na shiga jira. Mako ɗaya, biyu, shiru. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai in yi sauri in ɗauka, in ji mai tambayar ko an gama tabarau ɗinsa. A mako na huɗu suka zo likita ta sake duba idon. Ga ta nan a bayansa, yana riƙe da hannunta, tana murmushi. Raina ya ɓaci har na kasa gaishe ta da kyau. Na ce a banza na ɓata gilashina, wannan sai an fito da ita da sanda a hannu.

Na ce ta zo in ƙara matse mata noti. Yallaɓai yana bakin ƙofa yana waya, yana yi wa wani ƙaramin ma'aikaci tsawa. Na sunkuya kusa da kunnenta, ita ta riga ni magana.

"Ina sa shi in ya fita, Anti. Na ga gidan. Takardun makarantata da katin shaidata suna saman kabad, a bayan akwatinsa, na gan su. Bas mai zuwa tasha yana wucewa ta ƙofarmu takwas da kwata. Matar da ke share mana matakala tana ara mini waya, na yi magana da cibiyar sau biyu, na yi da Yaya. Sun ce kada in nuna masa alamar komai, wai lokacin fita ya fi kowane lokaci haɗari. Likita ta ce sai idon ya warke kafin in yi doguwar tafiya. Ki ba ni lokaci."

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu ina kiran matar nan sakarya a raina, ashe ido kawai aka ƙwace mata. Na matse notin da ba ya buƙatar matsewa, na ce da ƙarfi, "To Gimbiya, a riƙa kula da ƙofofi."

Ranar wata Talata, wajen goma na safe, baƙuwar lamba ta kira. Hayaniyar motoci na fara ji, sannan muryarta.

"Anti, ni ce. Ina tasha. Da kaina na karanta allon motar, ban tambayi kowa ba." Tana dariya tana haki. "Matar cibiyar tana tare da ni, wayarta ce. Za mu wuce wurin..."

"Kada ki gaya mini," na ce. "Abin da ban sani ba, ba mai tatsarsa a bakina. Idon fa?"

"Biyu ne, Anti. Duk suna nan."

Na ajiye waya na shiga ɗakin aiki na rufe ƙofa, na yi kukana na share fuska. Da na gaya wa likita, kai kawai ta gyaɗa, ta ciro fayil ɗin ta sa shi a durowar da take kullewa.

Ƙarfe shida muna shirin tashi, benci da sauran mutum shida ko bakwai, sai ga Yallaɓai. A ranar zufa ta fi ƙarfin turaren. Bai yi sallama ba, bai ce Madam ba.

"Ta zo nan?"

"Wa ke nan, Yallaɓai?"

"Matata! Na dawo ba ta gida. Na duba asibitoci biyu, na zagaye unguwa." Ya juya wajen mutanen benci, ya gyara murya ta koma ta tausayi. "Ba ta gani, wallahi ko ƙofar gida ba za ta iya kaiwa ba. Wani ne ya ɗauke ta. Ba yadda za a yi ta fita da kanta, ga tabarau ɗinta ma a wurina!"

Ya zaro shi daga aljihun gaban riga ya ɗaga sama don kowa ya gani.

Tsohuwar nan mai addu'ar samun suruki irinsa tana cikin masu jira, an yi mata aikin yanar ido ta dawo a duba. Ta kalli tabarau ɗin, ta kalle shi.

"Ɗan nan," ta ce, "matar da ba ta gani sai da shi, me yake yi a aljihunka tun safe?"

Ya ce ai don lafiyar idonta ne. Ya ce ai likita ce ta ce ta huta. Likita tana tsaye a ƙofar ɗakinta da jaka a kafaɗa, ta ce ita ba ta taɓa faɗin haka ba. Wani mutum a ƙarshen benci ya ja dogon tsaki. Ban taɓa ganin manaja ya ƙanƙance da sauri haka ba.

Na miƙa hannu, ya ba ni tabarau ɗin ba tare da ya yi tunani ba. Na juya shi sau biyu. Hannun hagu ya ɗan karkata ciki, kaɗan, sabon karkacewa. Wato ko bayan aikin idon bai fasa ba, ya dai rage ƙarfi.

Ya ga inda nake kallo, sai ya yi sauri ya ce, "Shekaranjiya ya faɗi a kicin. Ki gyara shi, Madam, in ta dawo za ta buƙace shi. Za ta dawo ai. Ina za ta je ba ido?"

Yau kuma gyara ake so, ba mafi tsada ba. Na ɗaura wa tabarau ɗin 'yar takarda, na rubuta lambar katinta, na jawo durowa na sa shi a gefen ragowar 'yan uwansa biyar.

"Ka san dokata, Yallaɓai," na ce. "Ba na miƙa tabarau sai a kan fuskar mai shi. Ka kawo ta."

Na tura durowar ta rufe, na kira mai bi masa a layi.